Yadda Na Warke a Madadin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa ina so in manta, don matan unguwarmu a Gumel sun ɗau alkawarin ba za su bari ba. Har yau in na shiga gidan suna sai wata ta ɗaga hannu sama ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuma in yi kamar ban gani ba, alhali raina tafasa yake yi. To gara in ba da labarin da bakina kafin su gama ƙara masa gishiri.

Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa, kuma a gidan surukaina nake zaune. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa kudu, in ya tafi sai a yi wata ɗaya, biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Mahaifinsa, wanda muke kira Baba (sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san dalili), tsohon dillalin raƙuma ne. Dogo ne siriri, mai tsare gida, maganarsa ɗaya. Shekarata bakwai a gidan, amma in aka haɗa duk maganar da muka taɓa yi da shi ba za ta cika shafi ɗaya ba. In durƙusa daga nesa in ce, "Baba, ina kwana?" Ya ce, "Lafiya lau, Malama, an tashi lafiya?" Shi ke nan, hirar ranar ta ƙare.

Wata Alhamis hawan jini ya kayar da shi a tsakiyar kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da taimakon Allah ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, amma hannun ya ƙi. Yana nan rataye a jikinsa, sai dai ya ɗauko shi da hagu ya ajiye a cinya.

Abin da ya fi ci masa rai ba rashin kasuwa ba ne, ciyayya ce. Tun kafin a kawo ni gidan, kullum bayan magariba dattawan layinmu suke fito da kwanukansu ƙofar gidanmu, su zauna a tabarma ɗaya su ci tare. Baba ya ce shi ba zai zauna cikin mutane yana kai loma da hagu ba. Ya daina fita. Sai a kai kwanonsa waje a ci babu shi, shi kuma yana ɗaki ya juya wa ƙofa baya yana cin nasa. Wallahi in na hango shi a haka abinci fita kaina yake yi.

Ana nan sai maigidana ya ji labari a asibiti cewa wasu likitocin Kano suna gwajin wata na'ura ga masu irin wannan larura, ya bi ya bi har aka sa sunan Baba. Ranar da aka kawo ta har maƙwabta suka shigo kallo. Wani abu ne na ƙarfe da roba da ake ɗaura wa mutum daga kafaɗa har tsintsiyar hannu, da maɗaurai uku, da ɗan inji a gwiwar hannu mai ƙara "zzzz". In mai ciwo ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu ya kasa, sai ta ƙarasa masa. In ya fara ƙarfi, sai ta rage taimakon. Tare da ita aka ba mu wata faffaɗar waya, wadda duk motsin da aka yi take aika wa Dakta Rabi, likitar gashin ƙashi da ke zaune a Kano. Daga can ma tana iya motsa hannun da kanta in ta so. Mu dai a gida hannun ƙarfe muka sa masa suna.

Dakta Rabi ta yi mana bayani ta bidiyo, ba ta ɓoye komai ba. Minti arba'in da safe, arba'in da yamma. In an yi, wayar ta nuna kore. In ba a yi ba, ta nuna ja. "Masu jira suna da yawa," in ji ta. "In aka yi kwana bakwai a jere ja nake gani, za mu karɓa mu ba na gaba. Wa zai riƙa kula?"

Maigidana ya ce, "Ai matata malamar makaranta ce."

Ni kuma, da yake bakina ba ya zama wuri ɗaya, na ce, "Haba Dakta, wannan ai wasan yara ne. Mai riƙe yara saba'in a aji ɗaya?" Har na maimaita mata aikin kowane maɓalli, har da jan da ake dannawa in ana so na'urar ta saki nan take. Ta yaba mini. Ina jin kaina ya kumbura.

Makon farko lafiya ƙalau, don maigidana yana gari, shi yake ɗaura masa. Ranar da ya tayar da mota, a ranar Baba ya ce wa Inna, uwar mijina, "Abin nan yana ja mini jijiya kamar zai tsinke ta. Ɗauke shi." Inna da ma tsoronsa take ji. Ta ɗauke shi da hannu bibbiyu tana bisimilla, ta ajiye a lungu ta lulluɓe da tsohon zane.

Kwana ɗaya, ja. Kwana biyu, ja.

To, ku gaya mini, ta ina zan fara? Ni ce zan je in tsaya a kan surukina in ce, "Baba, miƙo hannu, lokaci ya yi"? Na tsara maganar a raina tsaf, da ladabi da komai, na yi ta bitarta ina wanke-wanke. Na je na durƙusa a bakin ƙofarsa. Ya ce, "Malama, lafiya?" Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Baba, a kawo kunu?" Kashegari na sake komawa, kunu. Rana ta uku ma kunu. Bawan Allah bai taɓa shan kunu irin na makon nan ba.

Na je wajen Inna. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, shekara arba'in da ɗoriya ina gidan nan ban taɓa sa shi abin da bai yi niyya ba. Sai yau?" Na ɗauki waya zan kira maigidana, na tuna cika bakin da na yi, na ajiye. Dakta Rabi kuwa, in ce mata me? Surukina ya ƙi? In kai ƙararsa wajen baƙuwa? Tabɗi!

A kwana na biyar saƙonta ya shigo: "Malama, lafiya? Saura kwana biyu." Na kasa zaune na kasa tsaye. A aji na rubuta kwanan wata ba daidai ba har yara suka gyara mini. Ina dawowa na ce wa Inna zan kai hannun ƙarfe ɗakina in sa masa caji, tunda a nan sola take. Na rufe ƙofa. Na dube shi, na dubi hannuna. Baba siriri ne, ni ma ba auki gare ni ba. Na zura. Wallahi kamar don ni aka auna.

Na ce a raina yau kaɗai, kafin in samu yadda zan yi masa magana. Na yi ta ɗagawa ina saukewa har minti arba'in. Wayar ta nuna kore. Wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Wannan "yau kaɗai" ɗin ita ce ta yi mako shida.

Kuma da a ce na tsaya ina yi a hankali irin na marar lafiya, wataƙila da asirina bai tonu da wuri ba. Amma ni ban iya zama ba. Minti arba'in ina kallon bango ga aiki jibge? Sai na fara shanya da shi da safe kafin in tafi makaranta. Na fara shara. Da yamma kuwa in zura shi in rufa mayafi in hau tuƙin tuwo (kuma gaskiya, tsakani da Allah, tuwon gidan bai taɓa laushi irin na lokacin ba). Inna ta gani sarai. Ta ce, "Ni dai ba ruwana," ta kau da kai.

Duk Laraba Dakta Rabi takan kira ta gaisa da Baba. In kai masa wayar, in saita ta daidai fuskarsa kawai. Ta ce, "Baba, ya hannu?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To me zai ce? Ko a bakin kabari ka tambayi dattijon Bahaushe ya jiki, da sauƙi zai ce maka. In ta ce a nuna mata hannun, sai in ɗan matsa wajen rumbu, inda sabis ke mutuwa, in yi ta "Dakta? Dakta, ba na jin ki!" har kiran ya yanke.

Saƙonninta suka fara cika da ma sha Allah. Kowane ma sha Allah sai in kife wayar. Na daina cin abinci sosai. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Kullum in ce gobe zan gaya masa, gobe zan gaya mata, gobe zan gaya wa wani dai. Baba kuwa yana nan a ɗaki, bayansa a ƙofa, hannun a cinya.

Ashe Dakta ta kira maigidana a hanya ta yi masa albishir. Shi kuma, mutumin kirki mai faɗin baki, ya bi abokan Baba ɗaya bayan ɗaya a waya yana cewa likita ta ce ba ta taɓa ganin warkewa irin wannan ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga mota cike da dillalai daga Maigatari, sun zo barka. Dattawa bakwai, da Alhaji Mani a gaba, babban aminin Baba, mutumin Damagaram, wanda in ya yi dariya har a layin baya ake ji. Dole Baba ya zura babbar riga ya fito zaure, hannun a ɓoye cikin riga. Ni kuma aka ce in ɗora wa baƙi tuwo. Da yake ban samu yin atisayen safe ba, na ce bari in haɗa biyu. Na zura hannun ƙarfe, na kama muciya.

Ina tsakiyar tuƙi wayar ta ɗau ƙara. Kiran bidiyo. A ranar Asabar!

Na ɗaga da hagu, na kusanto da ita har hancina ya cika fuskar. Dakta Rabi ce, fara'a har kunne, ga wani mai farin gemu da tabarau a gefenta. "Malama, ga shugabanmu, na ce sai ya ga Baba da idonsa. Na ga yanzu haka yana kan atisaye, shi ya sa na kira. Kai mu wajensa, kada a cire masa."

Innalillahi. In na cire, wayar za ta nuna an cire. In ban cire ba, ga shi a jikina. Na waiga wajen rumbu, na matsa, na ƙara matsawa har na jingina da shi. Sabis ɗin da ya yi mako shida yana rufa mini asiri, ranar nan cike yake taf. Dakta ta ce, "Yau kam muna ganin ki tar."

Na fizgo babban hijabina daga igiya, wanda yake kai mini har ƙasa, na zura. Na nufi zaure. A raina ina cewa zan nuna fuskar Baba kamar kullum, ya ce da sauƙi, in gudu.

Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa a bakin ƙofa na gaida su ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa wayar da hagu, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Kafin in saita ta, Alhaji Mani ya ce, "Kawo, Madam, ni zan riƙe," ya karɓe. Ya miƙe hannu can nesa yadda Baba zai fito gaba ɗaya.

Aka gaisa. Sai Dakta ta ce, "Baba, albishirinka. Bisa abin da na'urar take nuna mana, ba ka buƙatarta kuma. Ranar Litinin za a zo a karɓa, akwai wata baiwar Allah a Sule Tankarkar da ta daɗe tana jira, mun riga mun gaya mata."

Na ji kamar an kwaɗa mini muciyar a ka. Abin da na yi mako shida ina gudu, ni da hannuna na jawo shi.

Dattawa suka ɗau kabbara.

"Gwaji ɗaya ya rage," in ji Dakta. "Ka saki jiki, Baba, zan ɗaga hannun daga nan."

Duk idanu suka koma kan Baba. Sai aka ji "zzzz", amma ba daga inda ake kallo ba. Ni da nake durƙushe kaina a ƙasa, na ji hannuna ya kama hanya. Hijabi ya fara tashi a hankali. Na ce masa a raina, don girman Allah ka tsaya. Ina! Ya ci gaba, ya wuce kafaɗa, ya wuce kai, har ya miƙe sak a saman rawunan mutane. Hijabin ya zame. Ga ƙarfe yana ƙyalli, ga lalle a yatsuna, ga guntun tuwo manne a gwiwar hannu.

Jan maɓallin nan da na yi wa Dakta bitarsa da alfahari? Ko tunawa da an halicce shi ban yi ba.

Daga cikin wayar muka ji Dakta tana cewa, "Ikon Allah. A nan ya nuna ya tashi, amma ban ga Baba ya motsa ba. Bari in sake." Hannuna ya sauko. Na ja numfashi. "Zzzz." Ya sake tashi. Sau uku, jama'a! Sau uku ina ɗaga wa surukina hannu a gaban abokansa, kaina a sunkuye, gumi yana ɗiga daga haɓata.

A na ukun Alhaji Mani ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, hannunki yana tashi lafiya lau. Sai dai ba a jikin aminina yake ba. Ga Madam nan ta ɗaga kamar a lakwal." (Makaranta ke nan a bakinsu.) Ya juyo da wayar kaina.

Mai tabarau ya cire tabaransa. Dakta Rabi ta daɗe tana kallona, ni da hannuna a sama, sannan ta ce, "Malama. To wannan juyin da nake gani kullum ƙarfe biyar na yamma, wanda har na nuna wa ɗalibaina?"

Na ce, "Tuwo ne."

Alhaji Mani ya faɗi gefe. Wani tsoho ya toshe baki da rawani kafaɗunsa suna rawa. Dakta kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sauke mini hannun, ta ce, "Kin san watannin farko su ne hannu ya fi jin magani? Mako shida kika cinye masa. Ba duka suke dawowa ba." Ba ta ɗaga murya ba, kuma gara a ce ta zage ni. Hawaye suka zubo mini, ba na kunya ba ma, na baƙin ciki.

Sai Baba ya yi magana. A shekara bakwai ban taɓa jin ya yi mai tsawon wannan ba.

"Likita, ki saurare ni. Yarinyar nan ta zo ƙofata sau uku da magana a bakinta, ta ƙare da kunu. Na san abin da ya kawo ta. Na sha kunun na yi shiru. Ina hango ta ta taga tana shanya da abin nan, nan ma na yi shiru, don shirun ya fi mini sauƙi a kan zafin. Ita kunyata ta ji. Ni kuwa ragwanci ne. In akwai mai laifi, ga shi zaune." Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Inna, zo ki cire mata, ki sa mini."

Aka ɗaura masa a gaban kowa, da tuwon da komai. Dakta ta ɗaga hannun kaɗan, ko rabi bai kai ba. Na ga ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ya daure.

Ranar Litinin aka zo aka karɓa. Dakta ta ce an riga an yi wa matar Sule Tankarkar alkawari, ba za a hukunta ta da laifinmu ba, kuma Baba ya ce haka ne daidai. Aka mayar da sunansa ƙarshen layi. Kafin nan ta koya mana atisaye da tawul da sanda, ta ce a jingina wayar yadda za ta riƙa ganin mai yi tun daga kai har ƙafa. Inna ce mai riƙe hannu, ni ce mai ƙirga. Daga bakin ƙofa, a durƙushe, nake cewa, "Ɗaya. Biyu. Baba, wannan bai kai ba, a sake." Ya sake kuwa.

Maigidana da ya dawo kwana biyu bai yi mini magana ba, a na uku ya tambaye ni ko in an ƙara kawo na'urar zan iya taya shi canza tayar mota. Ban yi dariya ba.

Bayan wata uku hannun ƙarfe ya dawo mana, Baba bai tsallake ko rana ɗaya ba. Yanzu hannun yana kai loma baki. Ranar da ya fita ciyayya, ni da Inna muka laɓe a bayan ƙofar zaure muna leƙe, muka ga ya sa dama a kwano, a hankali, miya tana ɗan zuba, babu wanda ya nuna ya gani. Inna ta yi ta share ido da bakin zane.

Amma ƙananan yatsunsa biyu ba su buɗe ba. Suna nan a lanƙwashe. Dakta ta ce wataƙila da ma haka za su tsaya, ba wanda ya sani. Ni dai kullum na miƙa masa kwano sai idona ya sauka a kansu.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kunyar da na ƙi ji ta minti ɗaya a gaban mutum ɗaya, sai da na ji ta a gaban mutum bakwai da likitoci biyu, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Har yanzu ba na iya haɗa ido da Baba, ba na jin zan taɓa iyawa. Sai dai mun samu hanya. In ina da maganar da ta yi mini nauyi, ko ta magani ce ko ta gishirin da yake sa Inna ta ƙara masa a ɓoye, sai in je in durƙusa a bakin ƙofa, in sunkuyar da kai, in ɗaga hannu.

Shi kuma ya ce, "Mun gani, Malama. Sauke, ki faɗa."